Na Je Poland Dafa Yumɓu

Adireshin da aka ba ni na gidan da zan zauna a Poland, ashe shagon sayar da furanni ne.

Na tsaya a bakin ƙofar da jakunkunana, in dubi lambar da ke jikin bango, in dubi wayata. Titin shi ne, lambar ma ita ce. Amma babu gado, babu labulen da na gani a hoto, sai furanni da kyandirori. Wanda ya shirya mini ɗakin ɗan Najeriya ne da muka haɗu a wani zauren ɗalibai na waya. Tun ina Kafanchan yake kirana "sista", har addu'a ya yi mini ranar da na tura masa kuɗin haya. Na kira lambarsa, na ji ta a kashe. Na sake kira. Daga nan na zauna a kan babbar jakata, sanyi yana shiga ta tafin takalmina.

Sunana Rahila. Ilimin duwatsu na karanta a gida, sannan Allah ya ba ni tallafin yin digiri na uku a wata jami'a da ke kudancin Poland. Ranar ce ranata ta farko a ƙasar, kuma ban san kowa ba.

Wata dattijuwa gajeriya mai farin gashi ta leƙo daga shagon. Ta dube ni, ta dubi kayana, ta girgiza kai irin na wanda ya taɓa ganin abu. Ba ta jin Turanci, ni kuma ko gaisuwar yarensu ban iya ba. Ta jawo ni ciki, ta zaunar da ni kusa da abin ɗumama ɗaki, ta miƙo mini shayi. Da wayata muka yi magana, tana faɗa waya tana fassarawa, rabi daidai rabi shirme. A haka na gane ba ni ce ta farko da mutumin nan ya turo shagonta ba. Na kuma gane sunanta Halina, ana ce mata Pani Halina, wato kamar mu ce uwargida Halina.

Da ta rufe shago sai ta ɗauki ƙaramar jakata ta nufi bene. Na bi ta. Ta buɗe wani ɗaki mai hotunan 'yan ƙwallo a bango, ta yi magana a waya, waya ta ce mini: "Ɗana yana aiki a Ingila. Wata mata tana ba shi abinci a can. Ki kwanta."

Na shiga da niyyar kwana ɗaya. A ɗakin na gama karatuna.

Shugaban bincikena, Farfesa Yanush, dogo ne siriri, da keke yake zuwa aiki ko ƙanƙara na zuba. Ranar da na fara zuwa ya ɗebo wani farin gari a cokali ya zuba cikin ruwa a kofi, muka yi ta hira. Kafin mu gama, garin ya kumbura ya cika kofin kamar an dama koko.

"Wannan ne abokin aikinki," in ji shi. "Sunansa simektayit. Yana shan ruwa ya kumbura, ya bushe ya tsattsage. Amma idan ƙasa ta binne shi da nisa, shekaru suka yi yawa a kansa, sai ya zama wani yumɓu daban, ilayit, wanda ba ya kumbura ko kin jiƙa shi shekara. Zafi ne babban mai wannan aikin, wannan kowa ya yarda. Abin da ake gardama a kai shi ne matsi. Yana taimakawa ne, yana hanawa ne, ko ba ruwansa? Ke za ki tambayi yumɓun da kansa."

Ga yadda ake tambayar. Akwai 'yan bututun zinariya, kowanne bai kai tsawon ɗan yatsa ba. Sai in zuba yumɓu a ciki, in ɗiga ruwa mai sinadarin fotashiyam, irin wanda ke cikin toka da takin zamani, in liƙe bakin da walda. Sai a saka bututun cikin wata tukunyar ƙarfe mai kauri, a tura ruwa ciki da famfo har matsin ya kai na can ƙarƙashin ƙasa, a kunna wuta a bar shi makonni. Tukwane da yawa, zafinsu ɗaya, matsinsu daban-daban. Abin da ƙasa ke yi a hankali cikin shekaru masu ɗimbin yawa, mu muna ƙara wuta don mu gan shi kafin tallafina ya ƙare.

Aikin ya yi mini daɗi. Garin ne ya yi mini wuya. Rana takan faɗi tun kafin a tashi daga aiki. A tasha mutane suna tsaye kusa da juna ba mai ce wa wani sannu. Ran Lahadi na bi Pani Halina cocinsu, ga jama'a maƙil, ga gini mai kyau, amma ba ganga, ba shewa, ba wanda ya ko gyaɗa kafaɗa. Na tuna matan Zumunta na cocinmu da ankonsu suna shigowa da rawa daga ƙofa, Mama a gaba da tulunta tana bugawa. Na sunkuyar da kai kamar ina addu'a, na yi kukana na gama.

A gida kuwa Pani Halina ta ɗaura ɗamarar sai ta ga na yi ƙiba. Dankali da safe, dankali da rana, kabeji mai tsami a gefe. Wata rana mura ta kama ta, na ga tana yanka citta a shayi, wata fara mai ruwa-ruwa da ta sayo a kanti. Na ɗanɗana, ko yaji babu. Na hau sama na ɗauko busasshiyar cittar Kachia da Mama ta cusa mini a jaka, na daka kaɗan na zuba mata. Ta kurɓa. Idonta ya kawo ruwa, ta yi tari, ta dafe ƙirji tana kiran sunan Yesu da Maryamu. Na tsorata na ce na kashe matar mutane. Can sai ta share hawaye ta miƙo kofin a ƙara. Daga ranar, ƙawayenta suka riƙa zuwa shago da 'yan kwalabensu suna tambayar "maganin Rahila".

Mama takan kira ni duk mako. Ita ba ruwanta da ka ko ki, kowa "ka" ne a wajenta, kamar yawancin iyayenmu a Kudancin Kaduna. Wata Asabar ina cikin jirgin ƙasa na cikin gari ta kira.

"Rahila, ka ci abinci? Sanyin ya ragu? Ka sa suwaita biyu fa. Mun yanka acca jiya, babanka ya ce a ajiye maka naka."

Ina amsawa, muna haɗa Hausa da yarenmu yadda muka saba. Da na kashe wayar sai na ji an taɓa kafaɗata. Wata mata ce da hijabi a ƙarƙashin ƙatuwar rigar sanyi, bakinta a buɗe.

"Baiwar Allah, don Allah wannan Hausar ta ina ce? Wallahi ta Kafanchan ce!"

"Ta Kafanchan ce," na ce.

Ta yi wata irin ƙara har wani tsoho ya ɗago daga jaridarsa. Sunanta Binta, likitanci take karanta. Kakanta ya zo Kafanchan tun zamanin da jirgin ƙasa ke tashe, babanta yana da rumfar hatsi a kasuwa. A gida akwai lokutan da 'yan unguwarsu da na tamu ba sa bi ta titin juna. A nan kuwa mun rungume juna muna tsalle, har muka wuce tasharmu mu duka biyun.

Ranar a ɗakinta na ci abinci. Ta tuƙa tuwon semo, ta kaɗa kukar da take ta tattalawa kamar zinariya. Sai da na side kwano ta tambaye ni me nake karantawa.

"Yumɓu nake dafawa," na ce.

"Ke dai faɗi gaskiya."

"Allah kuwa. Kin ga in kin wanke zannuwa kin jera su ɗaya kan ɗaya a jiƙe? Haka yumɓun nan yake in an duba shi da na'ura, falle-falle ne, da ruwa a tsakani. In ƙasa ta binne shi, zafi ya kama shi, sai ruwan ya fita, fotashiyam ya shiga ya manne fallen da juna. Shi ke nan ya daina kumbura. Ni ina so in ga abin da matsi ke yi a wannan sha'anin. A ganina dai in ka ɗora dutse a kan jiƙaƙƙun zannuwa, ruwa zai fi saurin fita."

"To wa zai amfana?"

"Masu haƙar mai. Ruwan da yumɓu ke saki yakan taru a ƙasa ba hanyar fita. In bakin injin ya faɗa ciki ba shiri, sai rijiya ta yi aman wuta da laka. Kuma yumɓun yana gaya musu irin zafin da dutse ya sha, ko ya isa a samu mai a wurin."

Binta ta ce, "To Allah ya nuna tuwon naki." Tun daga nan, in ta kira ni sai ta ce, "Yaya, ya nuna?"

Tukunyar farko ba ta nuna ba. Ana auna nauyin kowane bututu kafin a saka shi da bayan an fitar, don a san ko ya yi yoyo. Bayan makonnin da na yi ina jira a tsakiyar hunturu, na ɗora su a ma'auni ɗaya bayan ɗaya, kusan duka sun yi yoyo. Waldata ba ta kama ba. Na kwashe su a tafin hannu na je ofishin Farfesa na nuna masa. Ya duba, ya jawo wata durowa. Cike take da fasassun bututu, wasu sun yi baƙi, wasu sun murɗe.

"Nawa ne, na shekarata ta farko," in ji shi. "Zuba naki a nan, su yi hira."

Ya cire kwat ɗinsa, ya zauna da ni har yamma muna walda a kan bututun da ba komai a ciki, har waldata ta fara kamawa.

Zagaye na biyu bai yi yoyo ba. Ƙanƙara ta fara narkewa lokacin da na fitar da su. Na yanka kowanne, na shafa yumɓun a kan gilashi, na saka a na'urar da ke haska shi kamar yadda ake hoton ƙashi a asibiti. Na'urar tana zana layi a kwamfuta. Yumɓu mai kumbura yana ba da wani dogon tsini a gefen hagu, kuma gwargwadon yadda ya canza, haka tsinin ke raguwa. Na fara da mai ƙaramin matsi, tsini ya ragu sosai. Na yi murmushi. Na saka na gaba, tsini ya ɗan fi tsawo. Da na kai kan wanda ya fi kowanne shan matsi, wanda nake sa ran ya gama canzawa, sai ga tsini tsaye ƙiƙam kamar Dutsen Kagoro.

Komai ya fito a juye. Abin da ya zo mini shi ne na rikita lambobin bututun. Ga shi saura 'yan watanni in tsaya gaban kwamitin da zai duba aikina na shekara ya yanke ko za a ci gaba da tallafina. Zagaye ɗaya ya zube, na biyu ya fito kai a ƙasa. Na hango kaina ina sauka a tashar mota a Kafanchan, matan Zumunta da suka yi mini addu'ar tafiya suna tambaya, "Har ka gama?"

Pani Halina ta ga na bar dankali a faranti, ta taɓa goshina. Binta ta ce a waya, "Ki je ki nuna masa kawai. In ma mutuwa ce a yi ta da rana." Washegari na kai wa Farfesa zanen, na ce ina jin na yi kuskure.

Ya daɗe yana kallo. Ya tambaye ni yadda na yi wa bututun alama, na ce da allura na karce lamba a jikin kowanne tun kafin in zuba komai. Ya ce to da wuya su rikice. Sai ya jingina da kujera.

"Rahila, a cikin bututunki, me ke danna yumɓun?"

"Matsi, Farfesa."

"Na me? Dutse ne a kansa?"

Sai na gane. Babu dutse a cikin bututuna. Ruwa ne ke matse shi ta ko'ina, kuma na liƙe bakin da hannuna don kada ko ɗigo ya fita. Ba zannuwa ba ne da dutse a kai. Zannuwa ne a cikin leda cike da ruwa, an ɗaure bakin tamau. Ko ka hau kai ka zauna, ruwan ne zai ɗauki nauyinka, zannuwan suna nan a jiƙe. Ruwan da ke tsakanin fallen yana son fita, na waje yana mayar da shi. Na faɗa masa haka da Turancina da ke harɗewa don zumuɗi.

Ya buga tebur da tafin hannu. "Masu haƙa sun sha faɗin cewa inda ruwa ya maƙale a ƙasa, sukan tarar da yumɓu bai canza ba a zurfin da ya kamata a ce ya canza. Mai yiwuwa abin da kika kama ke nan. Mai yiwuwa kuma kuskure ne. Sake yi. Sababbin bututu, ki kuma sauya musu tukwane."

Na sake. Wannan jiran ya fi kowanne tsawo. Kullum da safe sai na je na duba agogon da ke nuna matsi a kan kowace tukunya, har mai shara ta fara gaishe ni da sunana. Mama ta kai maganar coci, ba tare da ta san kan zancen ba. Ta ce a yi wa Rahila addu'a, tana da abu a wuta. Binta ta ce ita ma ta saka ni a nata. Pani Halina ta kunna kyandir daga cikin na sayarwa.

Itatuwa sun yi ganye shar lokacin da na buɗe tukwanen, kwamiti kuma ya matso. Farfesa ya tsaya a bayana, hannuwansa a aljihu. Mai ƙaramin matsi, gajeren tsini. Na tsakiya, matsakaici. Na saka na ƙarshe na rufe ido. Sai na ji Farfesa ya furta wata kalma da yarensu da ƙarfi. Na buɗe ido, ga tsinina tsaye inda na bar shi.

Ban san lokacin da na yi shewa irin ta matan garinmu ba. Mutane suka fito daga ofisoshi suna tambayar ko wani abu ya fashe. Farfesa ya ce musu lafiya lau, yumɓu ne ya amsa tambaya.

A gaban kwamiti wata farfesa mai tabarau ta matsa mini da tambayoyi. Ta ce ai wannan matsin ruwa ne kaɗai, ina nauyin dutse? Na ce gaskiyarta, shi ne aikina na gaba: a danna yumɓun da ƙarfe, a bar wa ruwa hanyar fita, a kwatanta biyun. Ta cire tabarau ta ce, "To sai ki zauna ki yi." Haka na ji an ci gaba da tallafina.

Pani Halina ta rufe shago da wuri ranar. Ta kawo wani ganye mai tsami daga lambunta wanda suke miya da shi. Binta da ta zo taya ni murna ta tsinka ta tauna, ta zaro ido ta ce, "Rahila, yakuwa!" Ba yakuwa ba ce, amma 'yar uwarta ce ta kusa. Muka samo tsakin masara a kanti, muka yi fate a babbar tukunyar Pani Halina, da gyaɗa da attaruhu. Mu uku muka zauna a kicin da kwanuka a cinya. Pani Halina tana ci tana fifita baki da hannu, ta ƙi yarda a rage mata.

Da Kirsimeti ta matso na samu hutu. Kafin in taho Farfesa ya ce duk yumɓun da muka dafa na kanti ne, an tace shi tas. Yana so mu gwada na gaske, daga ƙasa mai zafi. Ko akwai mai kumbura a wajenmu? Na ce akwai wata fadama a bayan gonarmu da ke tsattsagewa da rani har ƙafar akuya ta faɗa. Ya sa aka yi mini takardun izinin shigo da samfuri.

Da na dawo Najeriya na kwana a Sabon Tasha ta Kaduna wajen yayata, da safe na hau mota. Da muka iso Kachia na ga buhunan citta jibge a bakin hanya, na sauke gilashi na shaƙa har direba ya yi dariya. A gida an ci, an sha, an yi godiya a coci. Bayan biki na ce wa Mama gobe zan leƙa fadama in ɗebi yumɓu, malamina ya aike ni.

Da safe na fito da 'yar ledata da cokalin magini. Sai na tarar da tsakar gida cike da matan Zumunta, kowacce da fartanya, wasu da buhu, wasu da daro a kai. Mama tana tsaye a gaba ta ɗaura zane a kan ƙugu.

"Mama, ina za ku?"

"Fadama mana. Ba ka ce Turawa sun aiko a kai musu ƙasa ba?"

Kafin in yi bayani an fara waƙa an fita. A fadama na nuna musu wurin, baƙar ƙasa mai manyan tsaga. Suka jera suka fara sara, ana waƙa ana amshi. Kan ka ce me, buhu ya cika, an buɗe wani. Na matsa kusa da Mama na nuna mata ledata.

"Mama, iya wannan fa nake so. Ko rabin mudu bai kai ba. Jirgi ba zai ɗauki buhu ba."

Ta dubi ledar, ta dube ni, ta share zufa da gefen zane.

"Ka ɗebi naka ka bar mana sauran. Tun da aka haife ni ban taɓa jin an aiko daga Turai neman ƙasar garin nan ba. Yau ka bar mu mu haƙa."

Ta ɗaga murya ta ja sabuwar waƙa, mata suka amsa. Na cika ledata na ɗaure, na ajiye a gindin bishiya. Sannan na tuɓe takalmi, na karɓi fartanya daga hannun wata tsohuwa, na shiga layi.